Gimbal, Glidecam ko monofod: wanne zai hana bidiyonka rawa ba tare da ya karya maka hannu da aljihu ba

Satin da ya wuce wani yaro da ya taɓa riƙe min fitila a wajen aiki, yanzu shi ma ya zama mai gidan kansa, ya turo min hoton gimbal, wato abin riƙe kyamara mai hana ta rawa, guda biyu a WhatsApp wai oga wanne zan ɗauka, kuɗin na hannu. Na ce masa kafin mu zo maganar wanne, je ka wajen mai kanti ko mai nama da yake da sikeli, ka ɗora kyamararka da lens ɗin da ka fi aiki da shi, batir na ciki, maik ɗin da kake maƙalawa a sama shi ma yana kai, ka faɗo min nauyin. Ya ɗauka zolaya ce. Wallahi ba zolaya ba ce, yawancin waɗanda na sani da suka sayi gimbal suka ajiye shi a ƙarƙashin gado a nan suka faɗi, sun kalli bidiyon talla a YouTube sun ga ana ta shawagi da kyamara kamar shirwa, ba su tsaya sun tambayi abin da ke hannunsu kilo nawa ne ba, balle su tambayi kansu wane irin aiki ma suke ɗauka.

Bari in fara da gimbal ɗin tunda shi kowa ke kwaɗayi. Ƙananan injuna ne guda uku, mu dai moto muke ce musu, ɗaya yana kula da ɗaga kai da sunkuyawa, ɗaya yana hana kyamara karkacewa gefe, na ukun kuma juyawa dama da hagu. Akwai ɗan na'ura a ciki da ke jin duk motsin hannunka, kana karkata moton zai tura akasin haka nan take. Abin bai daɗe ba fa, a 2013 ne kamfanin Freefly na Amurka ya fito da MoVI duniyar masu fim ta ruɗe, kuma lokacin kuɗinsa ya kai wajen dala dubu 15, sai DJI na China suka shigo da Ronin a 2014, daga nan farashi ya yi ta gangarowa har ya iso hannun irinmu masu ɗaukar biki.

Yanzu a kasuwa sunaye biyu za ka fi ji, DJI da Zhiyun, sai Feiyu da Moza a bayansu. Kuma kowanne akwai iyakar nauyin da aka rubuta masa. A na DJI, RS 3 Mini kilo 2 yake ɗauka, shi kansa bai kai kilo ɗaya ba. RS 3 da RS 4 kilo 3. Masu Pro a ƙarshen sunansu kilo 4 da rabi. Tsohon Ronin-S na 2018 da har yanzu yake yawo a hannun masu sayar da na hannu yana ɗaukar kilo 3.6 amma shi kansa ya kusa kilo 2, jibgege ne, wanda ya taɓa wuni da shi a hannu ya san me nake nufi. Zhiyun Crane 2 kuma kilo 3.2.

To ga inda sikelin yake shigowa. Ɗauki Canon 5D Mark III da har gobe ita ce jakar aikin masu biki da yawa a Kano da Kaduna, gram 950 ce da batir, ka sa mata lens 24-105 na farko mai gram 670, ka ga an haura kilo 1.6 tun ba ka ɗora maik ba. A takarda RS 3 Mini zai ɗauka ai, tunda ba a kai 2 ba. A aikace kuma wahala za ka sha, don jikin kyamarar ƙato ne, lens ɗin ya yi gaba da nauyi, sai ka ja ta baya har ƙarshe kafin ta daidaita, kana ɗaga ta sama bayanta ya daki moton baya. Ni ƙa'idata ita ce in bar sarari, idan kayana kilo 1.7 ne ina neman mai ɗaukar 3, moton da kullum yake aiki a ƙarshen ƙarfinsa zafi yake yi, ya sha batir, wata rana kuma ya saki kyamarar ana tsakiyar aiki. Amma mai Sony a6400 da ba ta wuce gram 400 da ɗan kai ba, ko ZV-E10, ko Canon M50, shi kam sayen babban gimbal asarar kuɗi ce da asarar ƙarfi, ƙaramin ya ishe shi har da canji.

Sannan ka haɗa lissafin gaba ɗaya, don duk a hannunka zai ƙare. Gimbal mai kilo 1.3 da kyamara mai 1.7 kilo 3 kenan. Ka samo robar ruwa babba ta lita ɗaya da rabi guda biyu, ka ɗaure su tare, ka riƙe a gabanka daidai ƙirji kana zagaya tsakar gida minti goma ba saukewa. In ka gama ka dawo mu ci gaba da magana. Dina kuma ka san awa uku ce ko huɗu.

Wani abu da masu talla ba sa faɗa shi ne fokas. In kyamara ta hau gimbal hannunka ya bar kan lens kenan, ba ka da damar murɗawa. Waɗanda suke da kyamarar da take bin fuska da kanta a bidiyo, irin su Canon 70D, 80D, 90D, 5D Mark IV, M50 da Sony na zamanin nan, ba ruwansu. Amma 5D Mark III da 60D da 5D Mark II ba sa bin fokas da kansu in ana rikodin, inda ka ajiye shi nan zai tsaya, kana matsowa kusa da amarya fuskarta ta zama hazo. Mafita ko ka sa lens mai faɗi ka tsuke ƙofar haskensa zuwa f/5.6 ko f/8 ka riƙa kiyaye tazara, wanda a cikin hol mai duhu ba ƙaramin aiki ba ne, ko ka sayi moton fokas daban, ƙarin kuɗi ƙarin nauyi ƙarin abin saiti. Na sha gaya wa masu tsohuwar Canon cewa kuɗin gimbal ɗin nan da ma kyamara suka canza da shi da sun fi ganin amfani, wasu su ji haushi, amma gaskiya ce.

Sai balans, wato daidaita nauyin kyamara a kan gimbal. Wannan shi ne abin da ya taɓa kunyata ni a gaban jama'a. Wani biki ne, na yi saitin gimbal tun a gida da ƙaramin lens, da muka isa hol na ga wurin da faɗi kuma an kafa kujerar amarya can nesa, sai na canza zuwa zum ina ce wa kaina ai moton zai riƙe. MC ya ce a miƙe ga amarya nan, ƙawaye sun jero biyu-biyu, DJ ya saki kiɗa, ni kuma ina gabansu ina ja da baya, kawai sai na ji abin ya fara kakkarwa a hannuna kamar mai zazzaɓin cizon sauro, zzzz, sikirin yana ta ɓari, kafin in ankara ya saki kyamarar ta sunkuyar da kai tana kallon takalmina. Wata dattijuwa daga dangin amarya da ke zaune a bakin hanya ta kamo gefen rigata ta ce, ɗana lafiya, ko abin naka ya suma ne? Na ce lafiya lau Hajiya, ina murmushin yaƙe, na cire kyamarar daga farantin da take zaune a kai na ƙarasa da hannu. Shigowar amarya kuma sau ɗaya ake yin ta, ba a cewa a koma a sake. Allah ya taimake ni yarona yana gefe da kyamara ta biyu a kan monofod, nasa aka sa.

Don haka ka sa a ranka duk canjin lens, duk ƙarin maik ko fitila, kai hatta buɗe sikirin ɗin gefe, yana taɓa balans. Ana yin sa ne gimbal a kashe, ka fara da na gaba da baya, sai na gefe, sai na juyawa a ƙarshe, kuma alamar ya yi ita ce duk inda ka karkata kyamarar ka sake ta ta tsaya a nan ba ta koma ba. Sabon hannu zai ci minti goma sha biyar, wanda ya saba biyu zuwa uku. A nan ne sababbin suka fi tsofaffin, RS 3 da ya fito a 2022 ya zo da makullan hannayensa da suke buɗewa su rufe da kansu in ka kunna ko ka kashe, ƙaramin abu ne a baki amma ranar da kake gudu daga gidan kamu zuwa wajen walima za ka gode masa. Zum irin 24-105 da yake tsawo in ka murɗa shi kuma, ka yi balans ɗinsa a tsakiya, kar ka yi a ƙarshe.

Kuma gimbal ba ya gyara tafiya fa. Motocin nan uku karkata suke hanawa, hawa da saukar da jikinka yake yi in kana taku ba ruwansu da shi, shi ya sa za ka ga bidiyon wani sumul ba karkata amma yana ta tsalle a hankali kamar an ɗauka a bayan raƙumi. Sai ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka riƙa sa dunduniya ka mirgina zuwa yatsu, taku ƙanana, irin tafiyar wanda ya dawo gida ƙarfe ɗayan dare ba ya so Baba ya ji. Wannan koyo ne, ba a sayar da shi.

Maganar batir, da yanayin wutarmu dole a yi ta. A takarda RS 3 awa 12 ne, RS 3 Mini awa 10, amma wannan in balans ya yi daidai ne, in bai yi ba moton na ta kokawa cajin na zuba. Bambancin da ni na fi dubawa shi ne ana cire batirin ko ba a cirewa. Na RS 3 Mini a jikinsa yake, in ya mutu sai jona caji ko fawa bank. Na RS 3 a mariƙin yake, ana zare shi a sa wani. Su kuma Crane 2 da Weebill S na Zhiyun batir 18650 suke ci, irin dogon nan na cikin manyan tocila, Crane 2 guda uku Weebill S guda biyu, ka sayi ƙari ka zuba a jaka shikenan. Ga mai sayen na hannu wannan ba ƙaramar magana ba ce, gimbal mai shekara biyar batirinsa ya gaji, wanda ake canzawa ka canza, wanda ba a canzawa kuma sai neman mai gyara. Illa dai ka kula da na jabu, sun cika kasuwa, an rubuta musu lambobin ƙarya a jiki.

Yanzu Glidecam, ko in ce duk danginsa marasa wuta, don akwai Flycam na Indiya da tarin na China marasa suna. Asalinsu Steadicam ne da Garrett Brown ya ƙirƙiro a Amurka ya fito a 1975, wancan mai riga da hannun ƙarfe da ake ɗaurawa a jiki, wannan kuma ƙaninsa ne na talaka. Sanda ce kawai, kyamara a sama, ƙarafunan nauyi a ƙasa, mariƙi a tsakiya mai juyawa ta ko'ina. Ba batir, ba moto, ba af na waya, ba abin da zai ce maka sai ka sabunta shi. Ƙurar hunturu da take shiga moton gimbal ta sa shi gurnani, wannan goge shi kawai za ka yi da tsumma. Glidecam HD-2000 yana ɗaukar daga kusan kilo ɗaya zuwa 2.7. Kuma gaskiya in ya samu gwani, motsinsa ya fi na gimbal daɗin kallo, akwai wani laushi a ciki kamar kwale-kwale a ruwa mai sanyi, na gimbal wani lokacin sai ka ji kamar inji ne ke kallon mutane.

Amma fa wuya. Balans ɗinsa ya ninka na gimbal cin rai, ana kwantar da sandar a sake ta a ƙirga, ya kamata ta ɗau kamar daƙiƙa biyu zuwa uku kafin ta miƙe tsaye, in ta yi sauri ƙasan ya yi nauyi zai riƙa lilo duk sanda ka tsaya, in ta yi jinkiri kuma kyamarar ta yi ta yawo ba ta san inda ta dosa ba. Hannun dama ya ɗau nauyin duka a wuyan hannu, na hagu kuma yatsu biyu ko uku ne kawai suke shafar sandar, ka damƙe ta ka ɓata komai. Iska na kaɗawa ta juya maka ita, ka gwada a fili ranar da iskar hunturu ke busawa ka gani. Sai ka yi makonni kana atisaye kafin ka fitar da abin da za ka nuna wa mutum. Ni ina ganin wanda zai saye shi yau mutum biyu ne, wanda kuɗinsa bai kai gimbal ba amma yana da haƙuri da ƙarfin hannu, da wanda aikinsa a ƙauye ne inda za a kwana biyu ba a ga wuta ba. In ba haka ba zamaninsa ya ja baya.

Monofod kuwa, mai ƙafa ɗaya, shi ne wanda ba wanda yake ɗaukar hoto da shi ya sa a status, amma shi yake ciyar da gida. Ka zauna ka tuna bikin ƙarshe da ka ɗauka, minti nawa ne a ciki kake tafiya da kyamara? Shigowar ango da amarya, zagayen hol kafin mutane su zo, ɗan bin masu rawa, duka-duka in an tace bai fi minti biyar ba. Ragowar duk a tsaye kake, jawabin waliyyi, nasihar gwaggo, yankan kek, liƙi, addu'a. Duk wannan monofod mai kan da yake juyawa a hankali da ƴan ƙafafu uku a ƙasa ya fi gimbal nesa ba kusa ba, nauyin na ƙasa ba a kafaɗarka ba, hannunka na kan lens kana zum kana fokas yadda kake so, ka ɗaga shi ka ratsa cikin mata ka sake dasawa cikin daƙiƙa biyu. Ka sa dogon lens irin 70-200 ma ya zauna, abin da ƙaramin gimbal ba zai ko gwada ba. Ranar hawan sallah in kana gefen hanya dawakai na tahowa, monofod da dogon lens kake so, ba ka shiga gaban doki da gimbal ba. Manfrotto da Benro da Sirui su ne na kirki, akwai masu araha irin Yunteng da za su yi maka in kyamarar ba nauyi, sai dai kansu ba ya juyawa da laushi. Wa'azi ko tafsiri ko lacca ta awa guda kuma wannan ba ma sai an faɗa ba, mai ƙafa uku za ka kafa ka samu kujera.

Na kafaɗa, wato ƙarfen da ake ɗora kyamara a kai a saɓa a kafaɗa, ba zan daɗe a kansa ba. Yana rage kakkarwar hannu, yana barin ɗan motsi irin na masu labarai, ya dace da fim ɗin da ake so ya yi kama da gaske, kuma mai walda ma zai haɗa maka in ka kai masa hoto. Amma ba ya sa tafiya ta yi sumul. Wanda ba shi da ko sisi kuma ya rataya igiyar kyamara a wuya ya tura ta gaba har igiyar ta miƙe tsam, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, za ka yi mamakin yadda rawar take raguwa.

Kafin ma ka sayi komai duba ko kyamararka tana da nata abin hana rawa a ciki. Sony A7 III, a6600, Panasonic GH5, Canon R6 duk sensarsu tana motsi da kanta tana cinye rawar hannu, a6400 da tsofaffin Canon masu madubi ba su da shi sai dai na cikin lens in akwai. A tsaye ko ɗan juyawa a hankali wannan ya wadatar, tafiya ce dai ba ya iyawa sosai, kuma da lens mai faɗi sosai gefunan hoton kan riƙa lanƙwasa. A editin ma akwai Warp Stabilizer a Premiere, akwai na DaVinci Resolve da na CapCut, ga Gyroflow kyauta ga kyamarorin da suke ajiye bayanan motsi, amma duk yanke gefen hoto suke yi, kuma in ka ɗauka da shota, wato saurin ƙiftawar kyamara, 1/50 yadda muka saba a firam 25 hannu ya girgiza, dishi-dishin da ya shiga hoton ya shiga kenan, komfuta za ta tsayar da firam ɗin amma ba za ta goge shi ba.

Masu waya, ku naku da sauƙi. Gimbal ɗin waya na DJI, Osmo Mobile 6, ya fito a 2022 a kan dala 159, yana ɗaukar waya daga gram 170 zuwa 290, da maganaɗisu ake maƙala ta, yana bin fuska in kana ɗaukar kanka, ga Insta360 Flow da Zhiyun Smooth da Hohem duk aiki ɗaya. Abin lura biyu ne, babbar waya mai kauri da rigar robar da ake sa mata tana iya haura nauyin, sannan af ɗin, yawancinsu sun fi jituwa da iPhone, mai Tecno ko Infinix ko Redmi ya duba jerin wayoyin da kamfanin ya lissafa kafin ya biya, af ɗin DJI mai suna DJI Mimo ma a shafinsu ake sauke shi ga mai Android. Da rana tsaka wayoyin yanzu suna riƙe kansu ba laifi, iPhone 14 zuwa sama har da Action Mode, da dare ne a wajen biki suke tona asiri, fitilu su riƙa ja kamar ana shafa su da hannu, a nan gimbal ɗin waya yake biyan kuɗinsa. Mai yin TikTok da bidiyon kasuwa da kuɗinsa ya kai kuma ya kalli Osmo Pocket 3 na 2023, kyamara da gimbal a haɗe gram 179, ba balans ba komai, ka zaro daga aljihu ka kunna. Lens ɗinsa ɗaya ne dai ba a canzawa, kuma kan nan nasa ba ya son faɗuwa ko kaɗan.

Kuɗi, RS 3 Mini ya fito a dala 369, RS 3 da RS 4 a 549, a naira kuma sai yadda dala ta kwana ranar. Shi ya sa da yawa na hannu muke saye, ko a Kano ko a Banex a Abuja ko a turo daga Computer Village a Ikeja. In na hannu ne ka je da kyamararka, kar ka yarda da gwajin da babu nauyi a kai. Ka yi balans a gabansa, ka kunna, ka bar shi a tsaye minti goma kana kallon ko layin hoton zai fara karkacewa da kansa, ka taɓa kowane moto ka ji ko wani ya fi sauran zafi, ka kasa kunne ko akwai ƙara. A kashe kuma ka juya kowane hannu a hankali, in ka ji gargada kamar yashi a ciki ajiye masa kayansa. Ka ƙirga faranti da sukurori da wayar da take haɗa shi da kyamara, don farantin nan in babu shi neman sa kaɗai sai ya ci maka sati.

Yaron nan dai ya je ya auna, 80D ce da lens 18-135 da ƙaramin maik, ya ce sikelin mai kanti ya nuna kilo ɗaya da kusan gram 400. Hotunan da ya turo kuma Ronin-S ne na hannu da RS 3 Mini sabo. Na ce Ronin-S ya yi maka yawa, za ka ɗauki ƙarfen kusan kilo 2 don ka riƙe kayan da ba su kai ɗaya da rabi ba, Mini ɗin zai ɗauke ta kuma 80D tana bin fuska da kanta, ga shi yana juyewa tsaye in masu biki sun ce suna son na status. Sai na tambaye shi monofod fa, ya ce ai oga ba ni da shi, da hannu nake ɗaukar jawabai. Na ce to fara sayo wannan gobe, in abin da ya rage bai kai Mini ba ka nemi Weebill S na hannu mai lafiya ka haɗa da batir huɗu, kuma ranar da za ka je gwadawa ka kira ni mu tafi tare.